Shagunan da Suka Juya wa Titi Baya

Shekarar da aka canja kuɗi, wadda mutum zai kwana da dukiyarsa a banki amma ya rasa na sayen gishiri, ita ce shekarar da na fara ganin manyan motoci suna tula jar ƙasa a bayan Kazaure. Aka ce hanyar jirgin ƙasa ake yi, daga Kano har Maraɗi. Ban ɗauki abin da zafi ba. Ni manomi ne a wani ƙauye tsakanin Gwiwa da Roni, kuma a shekarar ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, duk hankalina yana kan koyon riƙe alƙalami.

Bana da bazara sai maganar jirgi ta shigo har tsakar gidana. Taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda yake acaba a Roni, ya zo da labarin wani fili a yankin da ake gina sabuwar tasha. Ya ce mu haɗa hannu mu saya, mu gina shago biyu kafin ƙasa ta yi tsada. Shi zai sayar da ɗaya daga cikin baburansa, ni kuma in sayar da bijimaina biyu. Ba ni da wata kadara bayan su. Da su nake huɗar gonata, da su nake yi wa wasu huɗa a biya ni, su ne kuma suke jan amalanke. Dillalin filin ya ba mu kwana bakwai.

Da na gaya wa uwar 'ya'yana, ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Malam, ka taɓa ganin jirgin nan da idonka?" Na ce a waya dai. Ta ci gaba da tankaɗenta.

A ajinmu akwai wani dattijo, tsohon direban babbar mota. Shi ne ya ce da ni akwai tsohon layin dogo da ya tashi daga Kano ya nufi Nguru, ta cikin jiharmu ya ratsa. Ya ce an taɓa dawo da jirgin fasinja a kansa, ya yi ɗan lokaci yana zirga-zirga, sannan ya tsaya. "Je ka ga waɗanda suka zauna da jirgi," in ji shi, "ka tambaye su yadda zama da shi yake."

Mun tashi da asuba a rana ta biyu cikin bakwai ɗin, ana idar da salla. Da farko taubashin nawa ya ƙi tafiyar, wai ɓarnar kuɗi ce. Da na ce ni zan biya mota, sai ya tuna cewa ya daɗe yana sha'awar ganin gabas. Shi ya goya ni a babur har Kazaure. Gonaki duk an share su, an jera taki tsibi-tsibi, kowa ya zuba wa sama ido. Kwana biyu ke nan hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa.

Kafin mu shiga gari ya tsaya, ya nuna mini filin da baki. "Ga shi can, bayan waccan aduwar. Ka ga arzikinka yana kwance, kai kuma kana ta bin gindin shanu." Na duba. Daga nesa kowane fili kyakkyawa ne. Muka ajiye babur a wurin wani abokinsa mai faci, muka nufi tashar mota.

Ƙaramar mota muka samu zuwa Babura, mutum huɗu a baya, biyu a gaba ban da direba, ga wata akuya a but tana ta kai ƙara. Kuɗin motar ya kusa ninka abin da na sani sau uku. Da na yi magana, ɗan kamashon ya ce, "Baba, da ruwa kake so mu tuƙa ta?" Na biya, na shiga.

Tun da na fara haɗa baƙi, ba na iya wuce allo a gefen hanya ban gwada karanta shi ba. Matsalar ita ce mota ta fi bakina sauri. Ina cikin haɗa farkon suna, mun riga mun wuce garin. Taubashina ya lura, ya taɓa kafaɗar direba. "Don Allah rage gudu, shehin malami bai gama Achilafiya ba." Duk motar aka sa dariya, har da wata tsohuwa da nake zaton barci take yi. Na ce masa gara ni ina kaiwa rabi, shi ko lambar babur ɗinsa sai ya tambayi ɗan sanda.

A Babura muka karya da ƙosai da koko. Wurin nan rabin cinikin da kunnena ya ji da sefa, kuɗin Nijar, ake lissafa shi. Kusa da mu akwai wani ɗan Nijar mai sayar da dabino, da ya ji zancenmu sai ya saka baki. Ya ce su ma can jiran jirgin suke yi, ranar da ya fara aiki ya gama da wahalar shingayen hanya, kuma duk mai fili kusa da tasha ya warke. Taubashina ya sayi dabino har mudu guda saboda daɗin maganar. Ni ma ba zan ɓoye ba, zuciyata ta ɗan karkata.

Mun fi awa biyu muna jiran motar Garki ta cika. Daga Garki muka sake wata zuwa Ringim, ita kuma ta yi faci a tsakiyar hanya. Ba mu yi asara ba, don a gindin tsamiyar da muka fake wata Bafulatana ta sauke ƙwaryarta, ta dama mana fura da nono mai sanyi irin wadda na daɗe ban sha ba. Ƙasar wajen ta fi tamu laushi, babu duwatsun nan namu, sai rairayi da dogayen giginya jefi-jefi.

Bayan azahar, a Ringim, na fara ganin layin dogo da idona. Na yi zaton wani ƙaton abu zan gani. Ashe ƙarfe biyu ne kawai a kwance, tsakaninsu bai wuce taki ɗaya mai kyau ba, sun miƙe har inda ido ya gaza. Tsatsa ta rufe su. Wata mata ta shanya barkono a kan tsakuwar gefe, tumaki suna kwance a tsakiya suna tuƙa. Na tsuguna na taɓa ƙarfen, ya ƙona ni. Na tsaya ina mamakin yadda abu mai ɗaukar mutum ɗaruruwa zai yi gudu a kan wannan siririn abu bai zame ba.

Wani mai shayi ne ya ba mu shawara. Ya ce in labarin jirgin da aka dawo da shi muke so, mu ƙara gaba zuwa wata ƙaramar tasha, mu tambayi Baba Ilu mai shago. "Shi ya san ranar da ya zo. Ranar da ya tafi ce babu wanda ya sani." Ban gane maganar ba sai daga baya.

Da la'asar motar da muka hau zuwa can ta sauke mu a bakin kwalta. Abin da na fara gani ya ɗaure mini kai. Gine-gine ne guda bakwai a jere, na jar ƙasa da rufin kwano, amma babu ƙofa ko ɗaya, babu taga. Bango ne kawai yake kallonmu. Tsakaninsu da titi kuma akwai wani dogon kududdufi mai zurfi, ya bushe, ƙasansa ya tsattsage, ledoji sun taru a ciki. Masu sayar da fetur a kwalba da masu rake duk sun kafa tebur a wancan gefen titin, babu mai kallon gine-ginen. Taubashina ya ce wataƙila rumbuna ne. Na ce wane irin rumbu ne da rufin kwano a jere kamar ajin makaranta?

Sai da muka zagaya ƙarshen kududdufin muka fito ta ɗaya ɓangaren, sannan muka ga ƙofofin. Shaguna ne, duk bakwai ɗin suna fuskantar layin dogo. Shida a kulle, kwaɗunan sun yi tsatsa. Na bakwai a buɗe, wani tsoho mai farin gemu yana zaune a bakinsa a kan buhu, yana tufkar igiya. A cikin shagon na hango sabulu sanda uku, da ashana, da gwangwanin alewa.

Muka yi sallama, muka tsuguna muka gaishe shi. Ya ce a kawo mana ruwa, sannan ya tambayi daga ina. Da na ce daga wajen Kazaure, kuma labarin jirgi ya kawo mu, na ƙara masa da maganar filin da ta bijimaina, sai ya ajiye igiyar.

"Ku ne masu sabon jirgi?"

"Mu ne, Baba, Allah ya ƙara maka lafiya."

"To Allah ya sa ku ga alheri. Ku gyara zama."

Na fito da littafina na aji da fensir. Abin da zan faɗa yanzu daga bakinsa na ji, ban ƙara gishiri ba.

Ya ce jirgin nan rai uku ya yi. Na farko a zamanin mahaifinsa, lokacin da ake loda gyaɗa da fatu da shanu, garin nan ma saboda tashar aka kafa shi. Na biyu yana saurayi, jirgin ya dinga ja baya, daga kullum ya koma mako-mako, daga nan sai in an ga dama, har ciyawa ta rufe layin. Shekaru suka wuce, yaran garin suka girma ba su san ƙarar jirgi ba. Rai na uku shi ne wanda na zo tambaya. Wata rana sai ga ma'aikata da adduna da shebur suna share layi, aka yi wa tasha fenti, aka faɗa a rediyo cewa jirgin fasinja zai dawo tsakanin Kano da Nguru.

"Ranar da ya fara zuwa," in ji Baba, "har kuturu sai da aka ɗauko a amalanke. Da ya yi jiniya daga nesa, jakuna suka tsinke igiya. Ni da gemuna na tsinci kaina ina gudu a gefensa ina ɗaga hula."

Sau biyu a mako yake wucewa, ya je ya dawo. Kuɗinsa bai kai rabin na mota ba, kuma mutum zai shiga da buhunsa da ragonsa. Baba ya ce a cikinsa ya kai matarsa asibiti Kano, tana kwance a kan kujera ta miƙe ƙafa, abin da ba ta taɓa samu a mota ba. Da yake faɗar wannan, fuskarsa ta yi haske kamar jiya aka yi.

A wata na uku ya sayar da bijimansa biyu da amalanke, ya gina wannan shago. Da kuɗin suka gaza wajen rufi da kaya, ya jinginar da gonarsa ta fadama. Mutum shida suka bi sahunsa. Taubashina ya daina taunar dabino.

Na tambaye shi abin da yake cina tun daga bakin titi. "Baba, me ya sa duk kuka juya wa titi baya? Kuma wa ya haƙa wancan ramin?"

Ya yi dariya har da tari. "Mu muka haƙa, ɗana. Da hannunmu. A lokacin titin nan burji ne, mota uku ba ta wucewa a yini. Da za mu yi tubali, muka ce ina za mu ɗebi ƙasa? Gaba wajen jirgi ne, ba a taɓawa, nan fasinja zai taka. Sai muka ɗiba a baya, inda babu mai amfani da shi. Kowa ya haƙa bayan shagonsa, ramukan suka haɗe. Bayan jirgi ya tsaya aka zo aka zuba kwalta. Yanzu duk mai kuɗi ta bayanmu yake wucewa. In na fasa ƙofa ta can, mai saye sai ya yi iyo da damina, da rani kuma ya sauka da tsani."

Na ce ba za a iya cike ramin ba? Ya ce sun tambayi masu tifa, abin da suka faɗa ya fi kuɗin shagunan bakwai.

Muna cikin haka sai ga wata tsohuwa ta fito daga wani gida da ke kusa, tana dogara sanda. Baba ya ce Iya Tabawa ce, ita ce shugabar masu abincin tasha a wancan lokaci. Da ta ji abin da ya kawo mu, ta ce, "Wannan tsohon me ya sani? Yana cikin shago yana jiran a sauko. Wa zai sauko? Jirgin da bai fi a sha ruwa a ɗaura zani ba ya tashi? Mu ne muka ci jirgi, mu masu bin taga."

Baba bai musa ba. Ya ce gaskiya ne, ko a lokacin da jirgin yake aiki, masu tallar ƙosai da dafaffen ƙwai sun fi shi ciniki, don fasinja tsoro yake ji ya sauka a tafi a bar shi. Cinikinsa ya fi yawa a wurin masu jiran jirgi da masu rakiya.

Iya ta ba ni labarin dabararsu. Jirgin ba shi da tsayayyen lokaci. Wata rana da hantsi, wata rana sai la'asar sakaliya. Ƙosai kuwa in ya huce ba ya sayuwa, in ka makara kuma ka yi asara. Sai suka gano a cika kwanon sha da ruwa a ɗora a kan ƙarfen dogo, a sa mutum ɗaya ya zauna yana kallo. Da ruwan ya fara rawa, jirgi yana tafe ke nan, tun kafin a ji ƙararsa. Sai a yi guɗa, kowace ta ɗora kaskonta.

Na roƙe ta ta nuna mini. Ta sa aka kawo kwano, ta ɗora da kanta, muka kewaye shi mu huɗu muna kallo kamar masu duba. Ruwan yana kwance lumui. Ina shirin miƙewa sai na ga ya ɗan motsa, ya sake motsawa. Taubashina ya yi tsalle ya bar kan layi har takalminsa ɗaya ya cire. Iya ko gezau, ta nuna gabas da sandarta. Garken shanu ne yake tsallake layin can nesa, suna buga ƙarfen da kofato. "Kai mai dabino," ta ce, "dawo ka ɗauki takalminka, wannan jirgin ciyawa yake ci."

Na tambayi tsawon lokacin da jirgin ya yi. Baba ya ce damina biyu. Iya ta ce bai kai ba, don a makon da ya fara zuwa aka haifi jikarta, kuma ba a yaye ta ba ya daina. Limamin garin, da muka haɗu a sallar magariba, ya ce shi a ganinsa ya kusa shekara uku, amma da hutu a tsakani. Dalilin tsayawarsa ma haka. Wani ya ce ruwa ne ya cinye layin a can gaba, wani ya ce kan jirgin aka mayar wani layi, wani ya ce fasinja ne suka yi ƙaranci. Duk na rubuta. Ban san wanne ne daidai ba, kuma ban je don in ɗora wa kowa laifi ba.

Abin da bakinsu ya zo ɗaya a kai shi ne babu wanda ya yi musu sallama. Ranar da ya kamata ya zo, mata suka markaɗa wake, aka ɗora kwano, ruwa bai motsa ba har rana ta faɗi. Aka ce lalacewa ya yi, ai ya saba. Rana ta gaba ma aka markaɗa. Iya ta ce mako shida suna markaɗe suna rabar da ƙullu ga maƙwabta, kafin ɗaya bayan ɗaya suka daina. Ita ce ta ƙarshe. A nan na gane maganar mai shayi.

A zauren Baba muka kwana. Da safe ya zagaya da mu tashar. Ɗaki biyu ne da baranda, jemagu sun gaje ɗaya. A jikin bango akwai wani allo da aka rubuta da fenti. Na tsaya a gabansa, wannan karon babu motar da za ta gudu da ni. Na karanta KANO a sama, na karanta NGURU a ƙasa. Abin da yake tsakaninsu ruwan sama ya wanke.

A nan taubashina ya kasa haƙuri. "Baba, ka gafarce ni, amma namu ba irin wannan ba ne. Namu sabo ne fil, ƙasa biyu zai haɗa. Kuɗin da aka zuba a ciki ba za a bar shi ya kwanta ba."

"Ban ƙi ba," in ji Baba. "Yana yiwuwa naku ya shekara ɗari. Ban ce kada ku saya ba, kada ku je ku ce wani tsoho ya hana ku arziki. Jirgi abu ne mai daɗi, in ya dawo gobe ni ne farkon shiga." Sai ya juyo gare ni. "Kai mai shanun. Ranar da jirgi bai zo ba, wa zai wuce ta ƙofar shagonka?"

Na ce ban sani ba.

"Ka je filin?"

"Daga nesa na hango shi, Baba."

"Ka yi yini guda a mota ka zo ganin nawa, naka kuma daga nesa?"

Kunya ta kama ni. Muka yi masa ihsani da goro da ragowar dabino, muka yi sallama da Iya, muka zagaya kududdufi muka tsallaka titi.

Dawowa ta fi tafiya sauri, ko don babu mai magana ne. Mun iso Kazaure da azahar. Na ce da taubashina ya kai ni filin, ba bakin hanya ba, cikinsa. Muka bi wata 'yar siririyar hanya ta cikin gonaki har gindin aduwar. Filin shimfiɗaɗɗe ne, ba shi da aibu, kuma ana hango aikin tashar sosai daga nan. Na juya baya na fara takawa zuwa kwalta ina ƙirgawa. Na wuce taki dubu ban kai ba, sai na bar ƙirgar.

Na dawo na zauna a gindin aduwar, na ce zan jira la'asar. Taubashina ya ce, "Yanzu kuma kwanon ruwa za a kawo maka?" Na ce a'a, mutane nake jira. Daga azahar zuwa la'asar, waɗanda suka wuce ta wurin su ne wata mata da itace a ka, da wani makiyayi da tumakinsa, da mai keke ɗaya wanda ya tsaya ya tambaye mu ko ɓata muka yi.

Dillalin ya iso da la'asar, da babbar riga da waya biyu. Ya ce za a yi titi ta nan, an riga an zana. Na ce yaushe? Ya ce da zarar jirgi ya fara aiki. Na ce ta wane gefe ƙofar tashar za ta kalla? Ya ce wannan sai injiniyoyi. Mutumin bai yi mini ƙarya ba, abin da bai sani ba ya ce bai sani ba. Ni ma sai na gaya masa gaskiya. Na ce ba zan iya sayar da abin da zai yi mini huɗa jibi ba, saboda abin da ban san ranar zuwansa ba. In da ina da bijimai huɗu, da na sayar da biyu.

Taubashina bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce, "Shi ke nan, Malam." Ya goya ni har gida, ya ƙi tsayawa cin tuwo. Kafin kwana bakwai su cika ya samu wani mai kanti a Roni suka haɗa kuɗi suka saya. Ruwan shuka ya sauka bayan kwana huɗu da dawowarmu, na ɗaura wa bijimaina garma.

Abin da tafiyar nan ta koya mini ba shi da yawa. Jirgi ba ƙarya ba ne, na taɓa hanyarsa da hannuna, na kuma ga fuskar wanda ya hau shi. Amma yana da ranar zuwa da ranar ƙin zuwa, kuma mai gini ya kamata ya yi ginin da zai ci abinci a ranakun biyu. Ban ce na fi taubashina dabara ba. Yana yiwuwa nan da shekara biyar in zo wucewa da amalanke in gan shi a cikin kanti yana shan iskar fanka. In haka ta faru zan tsaya in taya shi murna, in kuma sayi sabulu.

Ga abin da aka rasa, kamar yadda na rubuta a littafina. Baba Ilu ya rasa bijimai biyu, da amalanke, da gonar fadama, da ɗansa na fari da ya tafi kudu neman abin yi ya zauna can. Iya Tabawa ta rasa waken mako shida da sana'ar da ta fi so. Garinsu ya rasa shago shida. Ni na rasa fili ɗaya, da kuɗin motar mutum biyu zuwa da dawowa. Taubashina kuma yau kwana goma sha tara ke nan bai tako ƙofar gidana ba.